Kasafin Kuɗin Jihar Sakkwato: A Buɗe Mana Ƙofar Kwamitocin Majalisa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato, musamman yadda zamanta na shekara yake tafiya da yadda kasafin kuɗin jiha yake bi ta hannunta kafin ya zama doka. Na yi aikin gwamnati a sashen kuɗi har na yi ritaya, kuma abin da ya daɗe yana damuna shi ne yadda mutanenmu, har da masu ilimi a cikinmu, suke kallon kasafi a matsayin abin gwamna shi kaɗai, alhali kuwa tsarin mulkin ƙasa a hannun majalisa ya damƙa makullin baitulmali.

Duk shekara labari uku muke samu a kan wannan batu. Na farko shi ne ranar da Mai Girma Gwamna ya je zauren majalisa da jama'arsa, ya karanta jawabi, ya faɗi jimillar kuɗin da sunan da aka raɗa wa kasafin, sannan ya ajiye kundin a gaban sandar majalisa. Na biyu shi ne ranar da aka ce majalisa ta amince, wani lokaci da ɗan ƙari ko ragi. Na uku shi ne hoton sa hannu a gidan gwamnati. Makonnin da ke tsakanin labari na farko da na biyu, waɗanda a cikinsu ne ake yanke shawarar ko za a gyara famfon unguwarmu, ko za a yi kwalbatin da ke raba ƙauye da kasuwa da zarar damina ta kankama, su ne ba mu jin komai a kansu. Haka ma watannin da ke biyo bayan sa hannu, lokacin da ya kamata a bi sawun kuɗin a ga inda suka shiga.

Majalisarmu tana da mambobi 30 da ke wakiltar ƙananan hukumomi 23, domin wasu ƙananan hukumomin an raba su mazaɓu biyu. Tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar jiha ba za ta gaza mutum 24 ba, ba kuma za ta wuce 40 ba, shi ya sa makwabtanmu Kebbi da Zamfara suke da 24 kowaccensu, Kano da Legas kuma suke da 40. Wa'adinta shekara huɗu ne daga ranar zaman farko, wanda gwamna ke shelar kiransa, kuma a ranar ne mambobi suke zaɓen kakaki da mataimakinsa daga cikinsu. Mu a Sakkwato mun ga nauyin wannan kujera da idonmu har sau biyu. A 2008, da kotu ta soke zaɓen Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, kakakin majalisa na lokacin, Abdullahi Balarabe Salame, shi ya riƙe jihar kafin a sake zaɓe, haka kuma a farkon 2012 Lawali Zayyana ya riƙe ta na ɗan lokaci bayan hukuncin Kotun Ƙoli a kan wa'adin wasu gwamnoni. Majalisa ce ke tantance kwamishinoni, ita ke tabbatar da naɗin babban mai binciken kuɗi na jiha, tana kuma da ikon tsige gwamna idan an bi matakan da doka ta shimfiɗa. Wurin da aka tara wa irin wannan iko ya cancanci a san kwana nawa yake zama, da kuma mutum nawa suke halarta.

Sashe na 104 na tsarin mulki ya wajabta wa majalisar jiha ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Al'adar majalisun ƙasar nan kuwa ita ce zaman zaure a ranakun Talata da Laraba da Alhamis, kuma ko da an yi haka kowane mako tun daga Janairu har Disamba ba fashi, kwana 156 za a samu, tun ma ba a cire hutun azumi da na Sallah da na aikin Hajji da dogon hutun shekara ba. Masu kare majalisun sukan ce ranakun aikin kwamiti da na fita duba ayyuka su ma zama ne, kuma ni ba na musun haka, sai dai hujjar za ta fi ƙarfi idan majalisa tana fitar da jadawalin zamanta a farkon shekara, ta kuma bayyana rajistar halarta a ƙarshenta. Sashe na 109 ya ce mamban da ya yi fashin fiye da kashi ɗaya bisa uku na kwanakin zama a shekara ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba ya rasa kujerarsa, amma mutumin Gudu ko na Kebbe ba shi da hanyar da zai san ko wakilinsa ya kusa wannan iyaka. Akwai kuma wani lissafi da ya kamata kowane mai zaɓe ya riƙe. Kashi ɗaya bisa uku na mambobi sun isa a buɗe zama, wato mutum 10 a majalisarmu. Wanda ke jagorantar zama ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kankankan, saboda haka idan 10 ɗin ne kawai suka zo, 5 daga cikin 9 da suka rage sun isa su zartar da dokar da za ta hau kan miliyoyin mutane. Fashin ɗan majalisa ɗaya ke nan yana iya canja sakamako.

Kowane ƙudurin doka, ko daga gwamna ya fito ko daga wani mamba, yana bin matakai sanannu. A karatu na ɗaya akawun majalisa sunan ƙudurin kawai yake karantawa. A karatu na biyu ake muhawara a kan manufarsa, daga nan a miƙa shi ga kwamiti ya yi masa duba na tsanaki, ya kira waɗanda abin ya shafa idan ya ga dama, ya dawo da rahoto, majalisa ta bi shi sashe-sashe, sannan a yi karatu na uku a aika wa gwamna. Gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, idan kuma ya ƙi, kashi biyu bisa uku na mambobi, wato 20, suna iya sake zartar da shi ya zama doka ba da hannunsa ba. A tsakiyar 2024, lokacin da aka kai ƙudurin gyaran dokar da ta shafi naɗin hakimai da dagatai da matsayin Majalisar Sarkin Musulmi a ciki, babu teburin mai shayi ko majalisar dattawan unguwa da ba a tattauna waɗannan matakai ba, har waɗanda ba su taɓa sanin inda ginin majalisa yake ba suka riƙa tambayar ko an yi karatu na biyu. Wannan ya nuna mini cewa mutanenmu suna iya bin aikin majalisa daki-daki idan sun gane cewa abin ya taɓa su. Kasafin kuɗi yana taɓa su fiye da kowace doka, kuma shi ne dokar da ake sake yi kowace shekara.

Sashe na 120 ya ce duk kuɗin da jiha ta samu suna shiga asusu guda, kuma ba a cire ko sisi daga ciki sai da izinin doka. Abin da gwamna yake kaiwa majalisa, saboda haka, roƙo ne da kiyasi, sai majalisa ta amince yake zama umurni. Shirinsa kuwa tun tsakiyar shekara ake fara shi, lokacin da ma'aikatar kasafi da tsare-tsare take aika wa sauran ma'aikatu da hukumomi takardar kira, tana gaya wa kowacce iyakar abin da za ta nema. Kowace ma'aikata ta tsara bukatunta gida uku, albashi, da kuɗin gudanarwa irin su mai da takardu da gyaran motoci, da manyan ayyuka, a zauna da ita a yi ciniki, a rage wannan a jinkirta wancan, majalisar zartarwa ta amince, sannan a ɗaure kundin. Kafin ya isa zauren majalisa ya sha hannun ma'aikata na watanni, kuma su suka san inda aka yi cushe da inda aka yi ƙwauro. Ɗan majalisar da aka miƙa wa kundi mai ɗaruruwan shafuka aka ce ya gama da shi cikin mako biyu ko uku, idan ba shi da mataimakan da suka san lissafi, ba abin da zai iya gani sai abin da aka nuna masa.

A nan ne zaman kare kasafi yake da muhimmanci, kuma shi ne na fi sani, domin na sha ɗaukar fayil ina bin bayan babban sakatare zuwa ɗakin kwamiti. Kwamishina yakan zauna a tsakiya, babban sakatare a damansa, daraktan kuɗi da na tsare-tsare a baya suna miƙo takardu, mambobin kwamiti kuma suna fuskantarsu. Shafin manyan ayyuka a kundin yana da layuka a jere. Akwai lambar aiki da bayaninsa, sai abin da aka ware masa a shekarar da ake ciki, sai abin da aka kashe a zahiri daga Janairu zuwa Satumba, sai kuma abin da ake nema a shekara mai zuwa. Yawancin idanu a kan layin ƙarshe suke sauka, domin shi ne yake ɗauke da alkawari, amma gaskiyar ma'aikata tana cikin layin abin da aka kashe. Mu da muke zaune a baya, mamban da muke shakka shi ne wanda yake zuwa da kundin bara a hannunsa, ya ɗora yatsa a kan wannan layi ya ce, "Ranka ya daɗe, an ware wa wannan aiki kuɗi bara, ga shi ba a kashe ko kwabo ba, bana kuma kuna neman ninkinsa, me ya faru?" Tambaya irin wannan takan sa a koma ofis a kwana ana haɗa takardu, kuma na shaida cewa aikin da aka taɓa yin irin wannan tambaya a kansa ba a cika yin wasa da shi ba a shekarar da ta biyo baya. Idan kuwa zaman ya tsaya a gaishe-gaishe da yabon juna, aka ce kwamishina ɗan'uwa ne, ya yi gaisuwa ya tafi, to kuɗin makarantu ko na asibitoci na shekara guda sun wuce ke nan cikin minti goma sha biyar. Wakilan jaridu ba su cika leƙa waɗannan ɗakuna ba, ballantana shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ko na manoman albasa na Gwadabawa da Goronyo, waɗanda da suna wurin da sun faɗi ko takin da aka rubuta an raba ya iso gare su.

Ɓangaren da aka fi sakaci da shi, a ganina, shi ne na kuɗin shiga. Kasafin da Gwamna Ahmed Aliyu ya gabatar na 2024 ya kai kimanin naira biliyan 270, na 2025 kuma ya haura biliyan 520. Wani ɓangare na wannan hauhawa ya samo asali ne daga janye tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira da ya biyo baya, abin da ya ƙara yawan nairorin da ake rabawa jihohi daga asusun tarayya kowane wata, sai dai kuma shi ɗin ne ya ninka farashin siminti da rodi da gas da magani, ga kuma sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da ya zama dokar ƙasa a 2024. Girman adadi shi kaɗai ba ya nuna cewa za a yi ayyuka fiye da na da. Jiharmu, kamar yawancin jihohin Arewa, da kason Abuja ta dogara, harajin da take tarawa a gida kaɗan ne idan aka gwada da bukatunta, ragowar giɓin kuma da rance da tallafin ƙungiyoyin waje ake cike shi a takarda. Aikin kwamitin kasafi ne ya tambayi kwamishinan kuɗi, wannan rancen da aka rubuta an riga an sa hannu a kansa ne ko kuwa fata ake yi, nawa za a biya a kai, kuma shekara nawa za a yi ana cirewa daga kasonmu tun daga tushe. Idan an zuzuta kuɗin shiga don kasafi ya yi kyan gani, albashi dole a biya shi, bashi dole a biya shi, sai manyan ayyuka su ɗauki asarar, kuma a lokacin zaɓin aikin da za a yi da wanda za a bari ya fita daga hannun majalisa ya koma hannun wanda ke sakin kuɗi.

Wannan ne dalilin da ya sa mutane suke jin an ambaci aikinsu a rediyo su yi murna, shekara ta ƙare ba su ga ko tifar yashi ba. Shigar aiki cikin kasafi izini ne kawai. Kafin kuɗi su fita sai ma'aikata ta rubuta takardar nema, a amince, a bi ƙa'idar ba da kwangila, sannan ofishin akanta janar ya saki abin da ke akwai. A wani ƙauye da nake da dangi akwai ɗakin shan magani da ginin ya tsaya a linta, ciyawa ta fito a tsakar ɗakunan, awaki suna fakewa a inuwar bangon, matan garin kuma har yau a bayan babur ake kai su garin da ke kusa idan haihuwa ta zo da gardama. Mutanen wurin sun san cewa an sha rubuta aikin, amma ba wanda ya taɓa gaya musu ko kuɗin ne ba su fito ba ko sun fito ne aka tsaya a hanya, kuma waɗannan matsaloli biyu maganinsu daban ne. Amsar tana cikin rahoton aiwatar da kasafi na wata uku-uku, wanda jihohi suka fara sakawa a intanet ƙarƙashin wani shiri na Bankin Duniya da aka soma a 2018, wanda ya riƙa ba jiha tallafi gwargwadon yadda ta bayyana lissafinta. Rahoton yana nan ga mai waya da data da Turanci da haƙurin bin lambobi. Wanda ya fi cancanta ya karanta shi ya fassara wa mutanensa shi ne wakilinsu, kuma sashe na 128 da na 129 sun ba majalisa ikon binciken yadda ake kashe duk kuɗin da ta ware, da kiran kowane jami'i ya zo da takardu, har da sa a kamo shi idan ya ƙi zuwa.

Sai maganar lokaci. Tsarin mulki bai sa wa gwamna rana ba, cewa kawai ya yi a gabatar da kiyasin kafin sabuwar shekarar kuɗi ta shiga, shi ya sa a jihohi da yawa sai ƙarshen Nuwamba ko cikin Disamba kundin yake isa majalisa, daga nan kuma a shiga tseren gamawa kafin 31 ga wata. Akan tsorata mutane da cewa idan ba a gama ba albashi zai tsaya, amma sashe na 122 ya ba gwamna damar ci gaba da kashe kuɗin gudanar da gwamnati har tsawon wata shida gwargwadon abin da aka ware a daidai lokacin a shekarar da ta gabata, saboda haka ƙarin mako biyu na bincike ba zai hana kowa albashi ba. Duk da haka ni ina cikin masu son kasafi ya fara aiki a Janairu, kuma dalilina yanayin ƙasarmu ne. Hanya da kwalbati da rijiyar burtsatse da rufin aji duk aikin rani ne, kuma da zarar ruwa ya sauka a watan Yuni, manyan motoci ba sa iya shiga fadamun Rima da yawancin ƙauyukan da ke gefenta sai bayan Satumba. Takin da bai iso hannun manomi kafin shuka ba kuwa ya zama ihu bayan hari. Hanyar da za a haɗa bukatun nan biyu ita ce majalisa ta yi doka, ko ta gyara wadda ke akwai, ta ɗaure kowane gwamna ya kawo kasafi a farkon Oktoba, ta yadda kwamitoci za su samu wata biyu cur, su ji ma'aikatu, su fita su ga ayyukan da idonsu, su kuma yi zaman jin ra'ayin jama'a a kowane yanki na sanata uku. Mutumin Isa ko Sabon Birni, wanda rashin tsaro ya raba da gonarsa, yana da abin da zai faɗa a kan kuɗin da ake warewa tsaro da 'yan gudun hijira, kuma ba daidai ba ne a ce sai ya yi kasadar hanya zuwa birni kafin a ji shi. Ƙaramin kasafin da akan kawo a tsakiyar shekara shi ma ya kamata ya bi ta wannan tankaɗe, domin sau da yawa a nan ake sauya akalar abin da aka amince da shi a Disamba.

Zagayen kasafi ba ya cika sai an yi hisabi. Bayan shekara ta ƙare akanta janar yana haɗa lissafin jiha ya miƙa wa babban mai binciken kuɗi, shi kuma sashe na 125 ya ba shi kwana 90 ya kai rahotonsa majalisa, majalisa ta miƙa wa kwamitin da ke kula da asusun gwamnati. A cikin wannan rahoto ake ganin kuɗin da aka biya ba takardar shaida, da kuɗin tafiya da aka karɓa ba a kawo rasit ba, da harajin da aka cire daga 'yan kwangila ba a zuba inda ya dace ba, da kayan da aka saya ba su shiga littafin sito ba. An kare wannan jami'i ta yadda ba a iya cire shi sai da goyon bayan kashi biyu bisa uku na majalisa, domin ya faɗi gaskiya ba tsoro, amma gaskiyar tasa ba ta da haƙori sai kwamiti ya zauna ya kira waɗanda aka ambata. A Majalisar Tarayya al'ada ce a ba ɗan adawa shugabancin wannan kwamiti, kuma ina ganin hikima a cikin hakan wadda ta dace da mu ko wace jam'iyya ce ke mulki. Rahoton da aka bari ya shekara uku ko huɗu a kan kanta, har jami'an da ya shafa suka yi ritaya ko aka canja musu wurin aiki, ba ya dawo da kuɗi kuma ba ya tsorata na baya.

Za a ce majalisar da ke jiran gwamna ya sakar mata kuɗin man janareta ba za ta iya ɗaga masa murya ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Abin mamaki ma shi ne a gyaran tsarin mulki na 2010 majalisun jihohi da kansu ne suka kasa ba da rinjayen da ake bukata don 'yancin kuɗinsu. An samu gyaran a 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya fitar da umurnin zartarwa mai lamba 10 a 2020 don tilasta aiwatarwa, ma'aikatan majalisu suka yi dogon yajin aiki a kai a 2021, Kotun Ƙoli ta soke umurnin a 2022, sannan aka sake ƙarfafa tanadin a gyaran 2023. A takarda dai yanzu uzurin ya ragu. Sai dai akwai wani ɗauri da mu masu zaɓe muke yi wa ɗan majalisa, wanda ya kai na gwamna tsanani. Tun da asuba ƙofar gidansa cike take da masu takardar asibiti da masu suna da masu neman kuɗin makaranta da na buhun Sallah, kuma da yawan abin da ya miƙo daga aljihu muke auna shi, ba mu taɓa tambayarsa wane kwamiti yake ciki ba, ko me ya ce ranar da ma'aikatar lafiya ta zo kare kasafinta. Mutumin da aka ɗora wa wannan kaya dole ya nemi shiri da mai rabo, daga nan kuma mu juya mu kira shi ɗan amshin shata. Ba ina raina taimako ba ne, talauci gaskiya ne kuma kowa ya san halin da ake ciki, amma awa ɗaya da wakili zai yi yana tabbatar da cewa an saki kuɗin magunguna na asibitocin mazaɓarsa, ko an biya kason jiha da ake bukata kafin a karɓo tallafin ilimin bai-ɗaya daga tarayya, ta fi duk abin da zai iya rabawa a ƙofar gida a shekara.

Abin da zai sa mutane su fara auna wakilansu da wannan ma'auni shi ne su ji aikin da kunnensu, a harshen da suke ji. Sashe na 97 ya ce da Turanci ake gudanar da aikin majalisar jiha, amma ya ba ta dama ta ƙara da wani harshe da ake yi a jihar idan ta zartar da ƙuduri a kan haka. Majalisar Legas ta daɗe da ware ranar Alhamis tana zama da Yarbanci, kuma dattawanmu sun san cewa a majalisar Jihar Arewa da ke Kaduna, zamanin Sardauna, da Hausa da Turanci ake muhawara. Garin da aka yi ƙarni biyu ana rubuta ilimin mulki da shari'a da Larabci da Fulatanci da Hausar ajami bai kamata ya rasa taƙaitaccen kasafi da Hausa ba, da boko da ajami, mazaɓa-mazaɓa, wanda zai nuna aikin da aka sa wa kowane gari, da kuɗinsa, da abin da aka saki a kansa bara. Shafi biyu sun isa kowace mazaɓa, a liƙa a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar fadar hakimi, a kuma karanta a gidan Rediyon Rima, wanda ake saurare har a rugage da tungayen da jarida ba ta kaiwa.

Ina kira ga Mai Girma Kakakin Majalisa da shugabannin masu rinjaye da marasa rinjaye da su fitar da jadawalin zaman kare kasafi tun kafin a fara, a san ranar da kowace ma'aikata za ta bayyana da ɗakin da za a zauna, a kuma bar ƙofa a buɗe ga duk wanda ya zo cikin natsuwa. Kai kuma, Malam Edita, roƙona gare ka shi ne a kakar kasafi mai zuwa ka turo wakilinka ya zauna a kwamitin ruwa da na lafiya da na ilimi tun daga buɗewa har tashi, ya kawo mana sunayen mambobin da suka halarta, da tambayoyin da suka yi, da amsoshin da aka ba su, sannan a watan Yuli ya koma ya duba rahoton rabin shekara ya gaya mana nawa aka saki a kan ayyukan da aka yi alkawari.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, Ya ba jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya.

Naka mai karatu,
Wani tsohon ma'aikacin sashen kuɗi,
Sakkwato.